Shekarar da Goggo Ta Yi Shiru

Ranar Lahadin da ta wuce, Mubarak, ka shiga ɗakin ajiya neman akwatin tafiya, ka fito da ƙura a gwiwar wando, ka ce ka samu wasu mutane a waya da za su iya sa wa Goggo sabon kwayil ta tashi kamar jiya aka ƙera ta. Ƙanwarka Hanan kuma, ba ta ma ɗago daga faranti ba, ta ce da Turanci ita dai abin da ta sani tun tana ƙarama shi ne jahilcin maƙwabta ne ya kashe wa Abba injinsa. Na kwashe kwanuka, na wanke, na sake wanke waɗanda na riga na wanke. Tun ranar kalmar nan ta jahilci take bi na daga kicin zuwa ɗaki. Kun san doguwar magana ba ta yiwuwa tsakaninmu: in na fara da Hausa ku amsa da Turanci, in na tsaya neman kalma ku kama waya. To ga shi a rubuce. Ku karanta a hankali, inda ya shige muku duhu ku tambaye ni tun ina nan.

Ga jikokina da ba su san ta ba, Goggo injin zuƙar ƙura ce irin ta masana'antu. Duro ne na ƙarfe da ya kai ƙugun babban mutum, a kan tayoyi, da tiyo mai kaurin cinya, a samansa kuma akwai kai mai nauyi da kwayil uku a ciki, wato naɗin wayar da ke juya inji, kowanne da fankarsa. Tana shan ƙura, tana shan ruwa. Abbanku ne ya raɗa mata sunan, wai in ta tashi tana yin irin minsharin wata goggonsa ta Gwale. Ta girme ni a duniya.

A shekarar da nake ba ku labari muna zaune a unguwar Pantai Dalam ta ƙasar nan da muke baƙunta, hawa na tara, a ɗaya daga cikin dogayen benayen da ke kallon jami'ar da Abbanku yake digirinsa na uku. Mun zo da niyyar shekara uku, ga shi mun shiga ta biyar. Malamin da yake duba aikinsa ya koma wata ƙasa, wanda ya gaje shi ya ce a sake rabin binciken. Babu wanda ya san ko za mu zauna ko za mu tafi. Akwatunanmu suna saman kabad, rabinsu ba a taɓa kwance su ba. Ban sayi turmi ba, don kullum sai in ce ai saura kaɗan mu koma. Labulen falo ma da allurar maƙala na riƙe shi, ban ɗinke ba. Abbanku kuwa ya zama mutumin da ba ya iya gama kofin shayi a zaune. Ya tashi ya leƙa taga, ya dawo ya buɗe kwamfuta, ya rufe, ya tambaye ni ƙarfe nawa alhali agogo yana ɗaure a hannunsa. Ni ma sai ya shafa mini. In na ji jirgin ƙasa ya wuce ta ƙasan bene sai gabana ya faɗi, kamar ni ya bari a tasha.

A cikin wannan hali ya shigo da inji na farko, wata Asabar, shi da direban tasi suna nishi.

"Malam, wannan fa? Gidan nan duka taku nawa ne da za a kawo masa abin share filin jirgi?"

"Ki dai saurara," ya ce. Ya jona, ya danna makunni. Ke Hanan kina cikina a lokacin, sai da kika motsa.

Daga baya na fahimci abin da yake saurare. Kakanku, mahaifin Abba, ma'aikacin masaƙa ne a Kano. Aikinsa tura irin wannan inji tsakanin layukan saƙa yana zuƙe burbushin auduga don kada wuta ta kama. Abbanku yana yaro shi yake kai masa abincin rana, kuma a cikin hayaniyar masaƙa duka, ta ƙarar injin nan yake gane layin da babansa yake. An rufe masaƙar, tsohon ya rasu, ba a bar ko hotonsa a bakin aiki ba. Sai ga shi a wata ƙasa mai nisa, a bayan kasuwar Chow Kit, a shagon wani tsoho ɗan asalin Sin mai sayar da tsofaffin kayan otal da na masana'antu, Ankul Wong, ya ji an kunna wani abu da ya yi kusa da waccan murya. Kusa, ba ita ba. Shi ya sa bai tsaya a ɗaya ba.

Yana da ƙa'idojinsa na saye. Ba ya sayen injin da aka sake masa fenti. Ba ya sayen wanda aka sake naɗa wa kwayil, wai muryarsa ta aro ce. Kuma ba ya ɗauka sai an faɗa masa inda injin ya yi aiki, daga hannun wa zuwa hannun wa. Ankul Wong ya gane lagonsa, sai ya riƙa ajiye masa labari tare da kaya. Haka muka tara huɗu. Akwai Ɗan Sanda mai fito, akwai Bature fari tas daga wani asibiti, akwai Kwandasta da ba ya tashi sai an mare shi a gefe. Goggo ce ta zo ƙarshe. Ranar da ya kawo ta, ya kunna ta a falo. Ya zauna a ƙasa, ya jingina da bango, ya rufe ido. A watannin nan duka ban taɓa ganin ya zauna wuri ɗaya haka ba.

"Muryar ita ce?" na tambaya bayan ya kashe.

"Ita ce, Habiba. Layi na shida, kusa da taga."

Ƙasar nan kun san ta da laima. Takalmi ma in ka bar shi wata guda sai ya yi gashi. Tsohon inji in ba a tayar da shi, damshi yana shiga kwayil ya cinye shi a ɓoye. Saboda haka kowace Asabar bayan karin kumallo Abbanku zai fito da su falo a jere, in kashe firji da tukunyar shinkafa don kada wutar gidan ta ɗauke, ya tayar da su ɗaya bayan ɗaya har jikinsu ya yi ɗumi. Maƙwabta sun sha wahala. Wanda ya fi kowa ƙorafi shi ne Pakcik Daud, mijin maƙwabciyarmu ta ƙofa da ƙofa, wanda yake riƙe da mukullin surau, wato ɗan masallacin da ke ƙasan benenmu. Zai ƙwanƙwasa da ladabi, ya ce, "Dokta, jirginka yaushe zai tashi ne? Mun gaji da jira a tasha." Tun Abba bai gama digiri ba yake kiransa Dokta.

Matarsa ita ce Makcik Rohani. Ku kun san ta tsohuwa mai sanda, mai ba ku alewa. Ni na san ta a lokacin da ba ni da kowa. Da na haifi Hanan, uwata tana Kano, takardar shigowa ba ta fito mata ba. Makcik ce ta shigo ba tare da an kira ta ba, ta dafa ruwa da ganyaye, ta gasa mini jiki, ta naɗe mini ciki da wani dogon ƙyalle irin nasu har sai da na ce numfashina zai tsaya. Ba na jin yarensu sosai a lokacin, ita kuma Turancinta na kasuwa ne, amma mun yi arba'in tare. Ba ta iya cewa Habiba, sai Bibah. Na koya mata tuwon shinkafa, ta kasa haɗiye loma ba taunawa, muka yi dariya har ta sarƙe. Kullum bayan azahar za ta turo ƙofa ba sallamar baƙo, ta zauna a kafet ɗin falo tana gyara kayan miya, in la'asar ta yi mu yi salla a nan. A garin da komai nawa yake a ɗaure cikin akwati, ita kaɗai ce abin da na kwance.

Saura kwanaki kaɗan azumi aka yi wani ruwa da rana tsaka, kogin bayan unguwa ya cika ya tumbatsa, ya shiga ƙasan benaye. Kafin magariba ya janye, amma ya bar kafet ɗin surau jiƙe sharkaf. Washegari da safe Pakcik Daud ya ƙwanƙwasa. Wannan karon hularsa a hannu.

"Dokta, babban jirgin nan naka, an ce yana shan ruwa. Boleh, zai yiwu?"

Da kun ga fuskar Abbanku. Ya sa tsohuwar rigar aiki, ya goge Goggo da tsumma kamar mai shirin kai ta gasa, aka shiga da ita lif. Yini biyu tana ruri a cikin surau, ana juye duro bayan duro na jan ruwa a kwata. Maza suna karɓa-karɓa wajen jan tiyo, har mata da aka zo ɓangarenmu. Makcik da kanta ta riƙe bakin tiyon tana bin sahu. Mutanen da suka shekara suna toshe kunne yanzu suna shafa ƙarfen suna jinjina kai. A ranar Abbanku ya ci faranti biyu.

Da aka gama, aka zauna a barandar surau ana shan shayi, mu mata muna daga gefe muna miƙa soye-soye. Sai wani ya tambaya daga ina aka samo irin wannan dodo. Tambayar da Abba ya shekara yana jira ke nan. Ya gyara zama. Ya ce an ƙera ta tun kafin a haife shi, ta fara aiki a wata masana'antar kujeru, daga nan ta koma wani otal. Ya ɗaga yatsa, yana murmushi.

"Amma inda ta nuna ko ita wace ce, wani gidan renon karnuka ne a unguwar Cheras, inda masu kuɗi suke kai karnukansu a yi musu wanka da aski. Shekara da shekaru tana shan gashin kare da ruwan wankansu, ko tari ba ta taɓa yi ba!"

Na ga Pakcik Daud ya ajiye kofinsa a hankali. Na ga Makcik ta buɗe tafukan hannunta tana kallo. Abbanku yana ta murmushi, yana jiran a yaba.

A nan ne nake so ku tsaya ku fahimta. Mu a Kano, a littattafan Malikiyya da muka karanta a Islamiyya, kare mai rai jikinsa ba najasa ba ne. Ba ma son sa a ɗaki, in ya sa baki a ƙwarya a wanke, amma in ya goge ka ba ka sake tufafi don salla. Mutanen nan kuwa Shafi'iyya suke bi, kuma a wurinsu duk abin da kare ya taɓa da damshi ya ɗauki najasa mafi nauyi, wadda ba ta fita sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ruwan da aka dama da ƙasa. Sertu suke kiran wankin. Da wannan aka raine su tun suna goye, kamar yadda aka raine mu da namu. Shekara biyar muna salla sahu ɗaya da su, mun san suna ɗaga murya da bisimilla, sun san wasunmu suna sakin hannu, amma zancen kare bai taɓa haɗa mu ba. Ga shi yanzu tiyon da ya sha ruwan wankan karnuka ya bi kowane taku na masallacinsu, a jiƙe, ana jibi azumi.

Babu wanda ya zage mu. Da ma an zaga, da Abba ya samu abin riƙewa. Ustaz ɗin surau, wani matashi mai sanyin murya, ya ce a gaban kowa abin da Dokta ya taso a kai magana ce ta manyan malamai, ba laifi ya yi ba, amma jama'ar nan ba za su samu natsuwa ba sai an yi sertu. Maza suka ɗaga kafet ɗin da suka yini biyu suna busarwa, suka fitar da shi filin ajiye motoci, suka sake jiƙa shi da ruwan ƙasa. Abba ya je zai kama, aka ce masa ya huta, ya riga ya gaji. A kan tabarmi aka yi asham na farko.

Ranar ɗaya ga azumi, bayan la'asar, aka ƙwanƙwasa mana ƙofa. Ƙwanƙwasawa, ku ji. Na buɗe, Makcik ce da kwanon kunun shinkafar da suke rabawa da azumi.

"Shigo mana, Makcik."

"Wani lokaci lah, Bibah. Na bar abu a wuta."

Idonta yana kan kafet ɗin falona, wanda ta san Goggo ta sha wanke shi da ruwa, wanda ta shekara tana sa goshinta a kai. Ba fushi a fuskarta. Tsoro ne, irin na wanda yake lissafin sallolin da ya yi. Ta miƙo kwanon daga bakin ƙofa, yatsun ƙafarta ba su tsallake dokin ƙofar ba. Haka ta yi washegari, haka ta yi jibi. Kai Mubarak in ka shiga wurinta karatu sai ta kai ka bayi ta wanke maka ƙafa tukuna, tana yi maka wasa don kada ka gane. Ka dawo ka ce mini, "Umma, Makcik ta ce ƙafata ta yi tafiya da yawa." Na shiga kicin na kunna famfo don kada ku ji ni.

Abbanku ya koma sintirinsa, har ya fi na da. Taga, kwamfuta, taga.

"Mu ba ƙazamai ba ne, Habiba. Na taimake su, shi ne laifina? Zan kawo musu littafi su gani da idonsu."

"Ustaz ai ya ce kana da gaskiya."

"To me ya rage?"

"Makcik ba ta shigowa."

"Sai mu tashi. Na ga gidaje a Cheras, can ba ruwan kowa da kowa. Wata mai zuwa ma."

Na ce masa, Malam, na bar uwata na biyo ka, ban ce komai ba. Na shekara biyar ban sayi turmi ba. Amma in ka ɗauke ni daga ƙofar matar nan ka kai ni inda ba ruwan kowa da kowa, ban san abin da zan zama ba. Ban taɓa yi masa magana haka ba. Ya dube ni kamar yau ya fara ganin cewa ba shi kaɗai ne bai zauna ba a gidan nan.

Shi ya je wurin Ustaz da kansa. Ustaz ya sauƙaƙa: a yi wa kafet da daɓen gida sertu, a yi wa duro da tiyo da buroshi. Kan injin kuwa, in dai ba abin da ya kai can, ba sai an taɓa shi ba. Abba ya dawo da sauƙin zuciya, don duro da tiyo ba ruwan da zai cuce su. Makcik ta aiko da garin ƙasar da ake sayarwa a kedai, wato kantin unguwa, musamman don wannan wanki. Ranar Asabar da hantsi muka yi kafet da daɓe, muka shanya a baranda. Sannan ya kwance kan Goggo don ya ajiye shi gefe inda ruwa ba zai fallatsa ba. Tun da ya saye ta bai taɓa buɗe murfin cikin ba, don ba ya son taɓa abin da yake aiki lafiya. Ban san abin da ya sa ya buɗe ranar ba. Na ji shiru ya yi yawa, na leƙo.

"Zo ki gani," ya ce.

Tsakanin fikafikan fanka ukun nan gashi ne danƙare, ja da fari da baƙi, ya haɗu ya zama kamar bargo. Ya sa yatsa, da sauran damshi.

"Iskar da take zuƙowa ta nan take bi ta sanyaya kwayil, sannan ta fita ta sama," ya ce, a hankali, kamar yana koyar da ɗalibi. "In ruwa take sha, tururinsa ma ta nan yake bi."

Mu biyu ne a falon. Ku kuna ɗaki. Ya riƙe murfin a hannu.

"A wurinmu ba najasa ba ce," ya ce.

"Na sani."

"Zan tsince da buroshi, in rufe. Ustaz ya ce ba sai an taɓa ba."

"Ya ce in ba abin da ya kai can." Na zauna a hannun kujera. "Malam, gobe za ta tsaya a ƙofar nan ta ce, Bibah, an wanke duka? Da bakina za ta dogara ta yi sujada. Kowace Asabar kuma iskar nan za ta bi falon. Ni ban san yadda zan ce mata e ba." Da na ga yadda fuskarsa ta yi sai na ƙara da cewa, "Ko ka mayar da ita wurin Ankul Wong? Ta ci gaba da rayuwa a wani wuri."

"Ya sayar wa masu wankin mota su kashe ta a wata guda, ko a fasa ta don jan ƙarfen ciki." Ya girgiza kai. "Wayar cikin nan ta tsufa, rufinta duk ya tsattsage. In ruwan ƙasa ya shiga, wataƙila ta tashi, wataƙila ba za ta tashi ba."

Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, Allah ne shaidata. Ya zagaya falon nan har na daina ƙirgawa. Aka kira azahar, ya sauka. Da ya dawo ba shi kaɗai ba ne, da Pakcik Daud. Ya fito da kan injin bakin ƙofa, ya nuna masa gashin. Pakcik ya sunkuya ya daɗe yana kallo.

"In aka wanke nan, injin zai mutu?"

"Mai yiwuwa."

"Dokta, ba wanda ya nemi wannan a wurinka. Ba wanda ya san da shi. Ka kai shi wani wuri ka ajiye, ni zan nema maka ɗaki a wurin ƙanena."

"Na gode, Pakcik. Amma ina so ta zauna a gidana, kuma ina so matarka ta shiga gidana. Ka tsaya ka ƙirga mini, kada in yi kuskure a wankinku."

Wannan ita ce maganar da nake so ki ji, Hanan. Mutumin da kika kira jahili roƙon Abbanki ya yi kada ya wanke.

Kafin ya fara sai ya mayar da kan bisa duro, ya ja waya zuwa barandar bene, ya danna makunnan ukun duka. Da azumi, da rana tsaka, lokacin da kowa yake kwance. Goggo ta cika hawa na tara da ruri. Ƙofofi suka buɗe, amma ba wanda ya ce a kashe. Abba yana tsaye, hannunsa a kan murfi, idonsa a rufe, leɓensa yana motsi. Na san wa yake yi wa addu'a. Sannan ya kashe, ya jira ta huce, ya ɗauki kan zuwa wurin wanki. Ni na dama ƙasar. Shi ya zuba da hannunsa, Pakcik yana ƙirgawa da yarensu, muryarsa tana raguwa da kowane zubi.

Mako guda muna jinyar kwayil ɗin nan. Rana ta fito mu fitar baranda, hadari ya haɗo mu kwaso da gudu, kun san ruwan garin nan ba ya sallama. Makcik ta miƙo na'urar busar da gashinta daga bakin ƙofa, Abba ya yini yana hura musu iska mai ɗumi. Asabar ta zagayo. Na kashe firji, na kashe tukunya. Ya tayar da Ɗan Sanda, ya tayar da Bature, ya mari Kwandasta ya tashi. Ya zo kan Goggo, ya yi bisimilla, ya danna. Ta yi tari sau ɗaya. Wani wari kamar na ƙonannen gashi ya tashi, wutar gidan ta ɗauke. Muka tsaya a falon da ba fanka, muna jin jirgin ƙasa yana wucewa a ƙasa.

Ya kai ta wurin mai naɗa kwayil. Mutumin ya ce zai iya naɗa sabo, za ta yi aiki fiye da da. Abba ya tambaye shi, muryar fa? Mutumin ya yi dariya, ya ce inji ai inji ne. Abba ya ɗauko kayansa ya dawo.

A ranar da wutar ta ɗauke, bayan azahar, aka turo ƙofa ba ƙwanƙwasawa. Makcik ta cire takalmi, ta tako kafet da ƙafar dama, da ledar kayan miya a hannu. Ba ta tambaye ni ko an wanke duka ba, mijinta ya riga ya faɗa mata. Ta wuce ni kai tsaye zuwa inda Goggo take, ta ɗora tafin hannunta a kan ƙarfen, ta daɗe. Abba yana zaune a ƙasa da sukundireba a hannu, ba abin da yake kwancewa.

"Dokta," ta ce, "yau ban ji minshari ba."

"Tsohuwa ce, Makcik. Ta yi wanka, sanyi ya kama ta."

Ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama wani abu, ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Da la'asar ta yi, a nan muka yi salla, kafaɗarta tana taɓa tawa.

Ba zan ce muku daga ranar Abbanku ya samu natsuwa ba. Sintirinsa bai ƙare ba sai da digirin ya ƙare, kuma ya ci gaba da zuwa Chow Kit yana sa Ankul Wong ya kunna masa duk tsohon injin da ya shigo. Zai saurara, ya girgiza kai, ya dawo hannu biyu. Bai sake jin waccan murya ba har ya koma ga Allah. Wani lokaci ina kicin sai in ji yana gwada ta da hanci, ƙasa-ƙasa, ya tsaya a tsakiya don ya san ba haka take ba. Ban taɓa jin ya ɗora wa kowa ba, ni ko su. Ni kuwa har yau in na tuna da ƙasar da na dama sai ƙirjina ya yi nauyi, duk da ban ga abin da zan canja ba. A watan nan na sayi turmi. Mun ƙara shekara shida a hawa na tara kafin aiki ya kawo mu Cheras, kuma da aka yi rasuwar Abbanku kun ga wadda ta hau jirgi da sandarta ta zo ta kwana uku a ɗakina.

Abin da ba ku lura da shi ba, don kuna yara, shi ne kowace Asabar in ya jera injinan har da Goggo yake fitowa. Ya tayar da ukun, sannan ya zo kanta ya goge ta, ya tsaya kusa da ita gwargwadon lokacin da take ɗauka ta yi ɗumi, ya mayar da ita.

Mubarak, injin naka ne yanzu, kai da ƙanwarka. In kun ga dama ku sa sabon kwayil, ba zan hana ba. Za ta yi ƙara, za ta sha ƙura. Amma in ka buɗe murfin, a can lungun fanka ta tsakiya inda ruwa bai iya kaiwa da ƙarfi ba, za ka ga wani abu ja-ja ya bushe ya manne. Ba tsatsa ba ce, ƙasar da na dama ce. Kada ka kankare.